Jibirin na Rajista

Ranar Talata takardar ta zo hannun Malam Sallau, a ofishin ilimi na Talata Mafara, kasuwa na ci a waje. Jami'in da ya miƙa masa ita har tashi ya yi ya ba shi hannu, abin da bai taɓa yi ba a shekara tara da Malam ya yi yana kakkaɓe takalmi a ƙofar ofishin nan.

"Tungar Yari ta hid da ɗa!" in ji jami'in. "Jibirin Bube. Ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi a sakandaren kwana ta gwamnati can Sakkwato. Hoto biyu za a kai tare da yaron, kai hedimasta ka sa hannu da hatimi a bayansu. Malam, ka hid da mu kunya."

Malam Sallau ya ce alhamdu lillahi, don abin da ake cewa ke nan. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ɗora kekensa a motar kasuwa mai zuwa Maradun. A hanya ya laluba cikin ransa ko zai sami murna, bai samu ba, kuma bai yi mamaki ba. Tun bara da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye tsohuwar Tungar Yari, da fadamarta da masallacinta da maƙabartar da mahaifinsa ke kwance, aka kwaso mutane aka zube su a kan tudun tsakuwa bayan Maradun, abu ya daina shigarsa. Yana ci, yana salla, yana kiran rajista. In an yi haihuwa ya je barka, in an yi rasuwa ya je gaisuwa, da fuska ɗaya yake zuwa duka.

Amma ko da zuciyarsa na nan da ranta, wannan takarda ba ta murna zalla ba ce, domin Jibirin Bube biyu ne a Tungar Yari. Ɗaya ke da sunan, ɗayan ke da karatun.

Shekara bakwai baya, dogaran uban ƙasa suka zo rubuta yaran makaranta, kowane gida yaro guda. Duk wanda ya ɗora hannu ta bisa kansa ya taɓo kunnensa, ya isa boko. A gidan Bube hannun ɗansa Jibirin ne ya kai, shi aka rubuta. Bube kuwa a lokacin shi ne mai fadama mafi girma a bakin gulbi, albasa da taba da rake, jigo uku na ɗiban ruwa daga safe har yamma, ga shi ɗa namiji ɗaya tal Allah ya ba shi. Ranar da aka buɗe aji sai ga shi riƙe da hannun wani siririn yaro mai manyan kunnuwa. Ɗantani ne, ɗan ƙanensa Hamma, wanda ya rasu ya bar matarsa Marka da 'ya'ya uku a hannun Bube.

"Malam, ga Jibirin na kawo ma."

"Baba Bube, wanga ai Ɗantani na."

"Mutum guda anka ce gidana shi bayas, ga mutum guda. Ko aikin hanya hakanan munka saba. In mai gida bai samu zuwa ba shi aika wani, a kira suna shi amsa. Wa anka taɓa tambaya?"

Ba Bube kaɗai ya yi haka ba. Cikin yara talatin da huɗu na wannan shekara, goma sha ɗaya sunan wasu suke amsawa, yawancinsu marayu. Mutanen Tungar Yari ba mugaye ba ne. Boko ne dai suka ajiye a layi ɗaya da haraji da aikin hanya, abin da hukuma ke ɗora wa gida, gida kuma ya san wanda zai ɗora wa. Malam Sallau a lokacin saurayi ne, kuma ɗan gari. Ya san in ya kai rahoto dogarai za su dawo da bulala, su tafi su bar shi da mutanen da yake salla a bayansu. Ya ce wa kansa zango mai zuwa zai gyara. Zangon ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. Sufeto kan zo ya ƙirga kawuna, ya ga sun yi daidai da sunaye, ya buga hatimi, ya sha fura ya hau babur ɗinsa.

Sauran masu sunan aro duk sun zube a hanya, wasu a aji biyu, wasu a aji huɗu. Ɗantani ne ya liƙe. Yaron ba ya ganin rubutu ya wuce, ko a jikin buhun siminti ne. Lokacin da manyan motocin kamfanin da ke gina dam suka fara yanka ƙasa suna kafa alluna a bakin hanya, shi ke tsayawa ya haɗa baƙaƙe, washegari ya zo ya tsare Malam da tambaya. Bayan an tashi gari kuwa makarantar ta kusa mutuwa, don a sabon wurin ruwan sha sai motar tanki ta kawo, kuma yara ne ke bin layi da garwa tun safe. Malam ya daina jiransu a aji. Ya riƙa ɗaukar ƙaramin allo ya bi su can, a yi lissafi a kan layi: garwa nawa ke cika duro, duro nawa tanki ke ɗauka, mutum nawa za su koma gida hannu wofi. In mota ta tafi a koma rumfar kwano a yi Turanci har azahar. Ba don yana jin wani ƙarfi a ransa yake yi ba, hannunsa ne dai ya saba da aiki bai san yadda zai tsaya ba. Yara biyar suka kai aji bakwai, suka zauna jarrabawa, ɗaya ya ci.

Da la'asar ya jingine kekensa a ƙofar gidan Bube. Gidajen da aka gina wa mutane a tudun ba su da zaure, wanda ya zana su bai san ana baƙi ba, don haka Bube ya kafa rumfar kara a waje yana wuni a ciki. Mutumin da a da ba a samunsa a gida sai bayan magariba, yanzu ko da wane lokaci ka zo yana nan. Gonar da aka ba shi a madadin fadamarsa, in ka sara fartanya wuta take yi.

Suka gaisa doguwar gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ƙaƙa gida, ƙaƙa iyali, ƙaƙa yara. Damina ce, don haka Malam ya ce ina ruwa, Bube ya ce ruwa ya yi gyara. Gaisuwa ba ta canzawa don an tashi gari.

Labari ya riga keken Malam isowa. Bube ya ce, "Na ji sunan ɗana ya hito."

"Ya hito, Baba. Shi na yas sa niz zo. Sati huɗu za a tahi, sai a hwara yi ma Ɗantani shiri."

Bube ya murza carbi. "Sunan wa anka rubuta ga takardar?"

"Baba, ka san wanda yaz zamna aji."

"Na sani. Ni nik kai shi da hannuna. Amma sunan wa anka rubuta?"

"Jibirin Bube."

"To. Aro nib ba shi, Malam, ba kyauta ba. Bai ɓata min shi ba, Allah shi yi mai albarka. Yanzu mai abu na son abinai."

Malam ya dubi tabarma. Ya san wannan magana na zuwa tun yana cikin mota, amma bai tanadi amsa ba. Ya ce, "Baba, ko gona ka ba mutum aro, ai ba ka amshe ta da amfani tsaye. Sai ya girbe abin da ya shibka."

"Mu ma hakanan munka taso munka iske," in ji Bube, muryarsa ba ta tashi ba. "Da ruwa yaz zo, gerona ya hwara hid da kai. Wa yaj jira ni in girbe?"



"Sau shidda ina kai Jibirin ƙohwar kamfani," Bube ya ci gaba. "Ko lebura ba su ɗauke shi ba, wai ƙarami na. Amma na ga yara ba su kai shi ba zaune cikin inuwa da biro bayan kunne, suna rubuta sunayen manya. Fadama nit tanadam ma yaron nan, don ita nih hana shi boko. Ina fadamar? Mi za ni bar mai?"

"Baba, can ba hwarko za a hwara ba. Gini na bisa shekara bakwai. Jibirin ko baƙi guda bai sani ba."

Bube ya dube shi kamar ya faɗi shirme. "Ba makaranta ta ba? Makarantar allo, yaro ko da gemu yaz zo, malam na wanke mai allo shi hwara mai daga inda yat tsaya. Su can ba malamai ba na? Su koya mai. Jibirin ba daƙiƙi ba na, ya sauke izu goma."

Gaskiya ne Jibirin ba daƙiƙi ba ne. Malam ya yi ƙoƙari ya bayyana cewa a boko aji ke tafiya, ba ya jiran kowa, amma yana faɗa yana jin maganar ba ta da nauyi ko a nasa kunnen. Bube bai taɓa ganin malamin da ya kori ɗalibi don bai sani ba. A wurinsa rashin sani ne ma dalilin zuwa.

Sauran fatan Malam ɗaya ne, Marka. Washegari ya hango ta a layin tanki da tulunta, doguwar mace marar magana, ya jira har yara suka watse sannan ya gaishe ta. Ya gaya mata yadda ake ciki, ya ce in ita uwar yaro ta tsaya, za a iya kai maganar gaban mai gari.

Ta kau da kai. Ɗantani ɗanta ne na fari, kuma a Tungar Yari mace ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta tsaya gaban maza tana nema masa haƙƙi. Kunya ce da aka shayar da ita tun tana yarinya, kuma shekara goma sha huɗu ba ta taɓa saɓawa ba.

"Malam, wancan ai ɗan Bappanai na," ta ce. "Shi yac ci da shi, shi yat tuhwatar da shi. Ni mi nas sani ciki?"

Ta ɗora tulu a ka ta yi taku uku, sannan ta tsaya ba ta juyo ba.

"Takardar nan, Malam. Ba a yin ta biyu?"

"Ba a yi."

"To," ta ce, ta wuce.

Ba a yi ɗin. Malam ya riga ya juya abin ta kowace fuska. In ya je ofis ya faɗi gaskiya, za a soke sakamakon, gurbin ya koma wani gari, shi kuma a tambaye shi rajistar ƙarya ta shekara bakwai. In ya ce Ɗantani ya sake zama jarrabawa baɗi da sunan kansa, babu wani Ɗantani Hamma a kowace rajista, tsofaffin rajistocin kuma suna ofis da hatimin sufeto a kowane shafi tun da aka tashi gari. Ko da a ce akwai, baɗi shekarunsa sun wuce waɗanda ake karɓa. Gurbi ɗaya ne, kuma hoton da Malam ya buga wa hatimi shi zai shiga.

Talatar da ta zagayo suka tafi ɗaukar hoto, Bube da Jibirin da Malam. Ɗantani ya biyo su, don Jibirin ba shi da farar riga irin ta makaranta, kuma a duk gidan guda ce, ta jikin Ɗantani. Mai hoton yana bakin kasuwa da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle rataye a bango. Ɗantani ya zagaya bayan rumfa ya cire rigar, ya kakkaɓe ta, ya miƙa wa ɗan'uwansa. Ta matse Jibirin a kafaɗa, don shekarun jan jigo sun buɗe masa ƙirji, maɓallin sama ya ƙi shiga. Ɗantani ne ya tsaya gabansa daga shi sai gajeren wando, ya ja wuyan rigar ya saka masa.

Jibirin ya zauna a kan benci ya ƙame. Kafin mai hoto ya shiga ƙarƙashin ƙyallensa, ya ɗan karkato wajen Malam ya ce a hankali, "Malam, wallahi ni ban ce ina so ba."

"Na sani."

"Mi za ni ce musu in sun ba ni littahi?"

Mai hoto ya daka masa tsawa ya dubi gaba, ya dubi gaba.

Da aka gama, Bube ya ja Jibirin cikin kasuwa neman akwatin ƙarfe kafin hotunan su bushe. Aka bar Malam da Ɗantani, wanda ya karɓi rigarsa ya riƙe a hannu bai mayar ba. Malam ya dubi akwatin mai hoto, ya dubi yaron, sai ya ji bakinsa na magana.

"Sa rigarka ka zamna a ɗauke ka. Hatimi na hannuna. Kwana guda kahin ranar tahiya in ɗauke ka da keke mu kwana Maradun, in kai ka Sakkwato da kaina. In sun rubuta ka, ba mai hid da kai."

Idon Ɗantani ya tafi kan bencin ya daɗe a can.

"Inna hwa, Malam? Da ƙannena Taibatu da Habiba?"

"Bappanka ba ya korarsu."

"Ba ya kora. Amma ɗaki guda anka ba mu cikin gidanai, tukunya guda muka ci. Kullum da sahe sai ta duƙa ta gaishe shi." Ya juya rigar a hannunsa. "Kuma shekara shidda ina zaune inuwa ina karatu, Jibirin na cikin rana shina jan jigo. Albasar da yab ba ruwa ita anka sai da anka ɗunka wagga riga."

"Kai kac ci jarrabawa."

"Awo, Malam. Ni nic ci."

Ya sa rigar, ya ɓalle maɓallai har sama, amma bai je kan bencin ba. Da Malam ya ƙara matsawa, da ya kama hannunsa ya zaunar da shi, wataƙila yaron ya zauna, don bai taɓa yi masa musu sau biyu ba. Malam bai matsa ba. Abin da ya ji a ransa sauƙi ne, sauƙin wanda aka ɗauke wa kaya, kuma ya san abin kunya ne, ya san shi sarai, amma ko kunyar ba ta shige shi yadda ya kamata ba.

A kan teburin mai hoto ya yi aikin. Ya juya hotunan biyu, ya rubuta cewa wannan shi ne Jibirin Bube, ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska ya danna. A shekara bakwai wannan ne karo na farko da ya rubuta gaskiya a kan sunan nan.

Sati ukun da suka rage, duk wanda ya wuce rumfar Bube da hantsi zai ga yaran biyu a durƙushe, Ɗantani na zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke, Jibirin na bi. Ya iya rubuta sunansa, ya iya ƙirga ɗari da Turanci, ya iya cewa ina kwana Malam. Ranar tafiya Bube ya sayar da tunkiyarsa ta ƙarshe ya raka shi har Sakkwato. Mata suka yi guɗa. Ɗantani ne ya ɗauki akwatin a ka har bakin titi.

Ofishin ilimi ya aiko wa makarantar Tungar Yari da benci goma sababbi da ƙwallo, saboda ƙoƙari. Jami'in ya ce za a riƙa ba da misali da Malam Sallau a taron hedimastoci, a kan yadda ake ɗaga karatun yaran ƙauye. Malam ya jera bencinan, yara suka yi ta shafa su suna shinshina fenti. Ɗantani kuwa ya koma ɗiban ruwa. Ya sami sanda mai ƙarfi ya rataya garwa biyu, yana kai wa gidajen da ba su da yara. In ya wuce ta bakin rumfar makaranta yakan ce ina kwana Malam, Malam ya ce lafiya lau, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Sati bakwai aka yi. Ranar wata Lahadi da hantsi, an fara yankan ɗan geron da tsakuwa ta bari ya fito, aka aiko Bube na kiran Malam. Ya tarar da shi a rumfa, Jibirin na zaune a kan akwatin ƙarfe ya rame, kansa a sunkuye, hannuwansa tsakanin gwiwoyi. A wannan karon gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Bube ya miƙo ambulan mai ruwan ƙasa.

"Sun sako shi mota da wagga. Shi ya ƙi magana."

Malam ya buɗe ya karanta a zuci. Gajeriyar wasiƙa ce da Turanci, an buga da tafireta. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya san ana jiransa, yana jin idon Bube a kansa.

"Malam, mi sunka ce?"

Malam bai ɗago daga takardar ba.

Daidai lokacin Ɗantani ya shigo kwanar gida da garwa biyu cike a kafaɗa. Bube ya zare takardar daga hannun Malam, Malam kuma ya sake ta.

"Kai, aje ruwan nan. Zo ka karanta min."

Ɗantani ya sauke sandar a hankali don kada ruwa ya zube. Ya goge hannu a wando, ya durƙusa, ya karɓa. Ya karanta Turancin da ƙarfi daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, yana tsayawa inda ya kamata a tsaya. Daga bayan dangar kara ana jin daka, sai dakan ya tsaya.

"Da Hausa," in ji Bube.

"Sun ce sun gwada Jibirin Bube sun ga bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba. Sun ce ba su gane yadda yac ci jarrabawa ba. Sun mai do shi."

Bube ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ja numfashi ya gyara zama, irin zaman da yake yi a da in zai raba aiki a fadama.

"To. Na ji. Ni niy yi kuskure, Malam ya hwaɗa min ban ji ba. Jibirin, tashi bisa akwatin nan." Jibirin ya tashi. "Ɗantani, naka na. Da tuhwahin ciki da bargo da komi. Sunan ma na bar ma shi, ba aro ba, kyauta, ga Malam shaida. Gobe da sahe ni da kaina za ni kai ka, in ba su haƙuri, in ce ga mai karatun."

Bube ya dubi Malam, Malam na kallon ruwan da ke rawa a cikin garwa.

"Malam, ba sai a sake hoto ba? Jibi Talata."

"Bappa," in ji Ɗantani, "ban ida ba." Ya matso ya ɗora takardar a kan gwiwar Bube, ya sa yatsa a layi na uku. "Ga shi nan. Sun soke sunan daga rajista. Gurbin sun ba wani yaro ɗan Bakura, ya yi sati guda da shiga."

"Sun soke na Jibirin. Kai hwa?"

"Suna guda na, Bappa. Babu shi yanzu."

Bube ya sunkuya ya ƙura ido a wurin da yatsan yake. Bai san ko baƙi ɗaya a ciki ba, amma ya daɗe yana kallo, Ɗantani kuma bai ɗauke yatsan ba sai da ya ɗago. Bayan danga dakan ya ci gaba.

Ɗantani ya ninke wasiƙar ta inda aka ninke ta, ya miƙa wa Malam Sallau da hannu biyu.

"Malam, layin ƙasan naka na. Sun ce ka je ofis ka yi bayani."

"Na gani."

Ya miƙe ya duƙa ƙarƙashin sandar, ya ɗaga garwanin ya shiga da su cikin gida. Malam ya ji ƙarar ruwa na zuba a randa, ɗaya sannan ɗaya. Can yaron ya fito da su wofi ya nufi bakin titi da sauri, don motar tanki ba ta daɗewa ranar Lahadi.